Kalmar da ta Zauna a Bakin Madam

A kasuwar Kejetia ta garin Kumasi wata mai tumatir ta taɓa hana ni tumatir saboda muryata. Farashi kawai na tambaya, sai matar ta ɗago ta ƙare mini kallo, ta ja tirenta baya, ta ce in sake magana. Na sake. Nan take ta ƙwala wa maƙwabtanta kira su zo su ga Madam, ga muguwar nan da ta hana 'yar mutane sakat. Kafin in ce kwabo mata sun kewaye ni, wannan tana tsine mini, waccan tana riƙe da hannuna tana roƙon in gaya mata ko za a yi auren a ƙarshe. Ranar miya ba tumatir muka ci a gidana, amma ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji har cikin raina.

Sunana Pomaa, kuma ɗora murya ce sana'ata. Gidan talabijin ɗinmu yana sayo wasannin Koriya a mayar da su yarenmu na Twi, mu kuma mu shiga wani ɗan ɗaki mai zafin tsiya mu sa wa mutanen Koriya magana a baki. Muryata kauri gare ta, saboda haka tun da na fara aikin ba a taɓa ba ni mutuniyar kirki ba. A wasan da ya haukata Kumasi a shekarar nan ni ce Madam, attajira mai otal-otal, wadda ta rantse ɗanta ba zai auri 'yar mai sayar da taliya ba. Sunan yarinyar na Koriya ya gagari harshen kowa, sai muka raɗa mata Mansa tun da ita ce ta uku a 'ya'ya mata, kuma sunan ta uku ke nan a wurinmu. Da rana ta faɗi aka buga kiɗan wasan, sai ka ji taɓaren fufu sun yi tsit unguwa bayan unguwa. Direbobin torotoro, motocin hayarmu, su faka a gaban shagon aski, fasinja na ciki suna zagi, wasu kuma su sauko su bi direban kallo. In an gama sai a zaunar da wasu mutane su tattauna, a buɗe waya, jama'a su yi ta kira suna kuka da faɗa kamar Mansa 'yar ƙanwarsu ce.

Mansa tana da ciwo, kuma a takardar da aka aiko mana an rubuta sunansa ɓaro-ɓaro: farfaɗiya. Mai gidanmu na wurin aiki da ya gani sai ya dafe kai. Ya ce duk ranar da kalmar nan ta fita daga bakin wani a tasharsa, ranar Kumasi za ta tofar da yawu ta canza tasha, masu talla su kwashe kayansu. Wa zai yi wa mai farfaɗiya kuka? Sai ya yanke cewa jiri take da shi. Haka muka yi ta tafiya, jiri yau, jiri gobe, kuma ƙaryar ta zauna don mutanen Koriya ma ba su nuna abin sosai ba. Yarinyar takan tsaya ne ido ya ƙafe, kiɗa ya tashi, ta sulale a hankali, gashinta ko gezau.

Duk lokacin da Mansa ta yi irin wannan faɗuwar, 'yata Dufie sai ta kwashe da dariya har da buga cinya. Dufie tela ce a Asafo, kuma tun tana firamare take da farfaɗiya ta gaske. Tana karɓar magani a asibiti, tana sha ba fashi, sai a daɗe ƙwarai abin bai zo ba. Takan nuna talabijin da almakashi ta ce a duba mata wannan, ko harshe ba ta ciza ba, ko zane ba ta jiƙa ba, ta farka da jan bakinta daram. Ita in ta faɗi, yini guda take yi kanta kamar an sara da gatari. Amma duk da tsiyar da take yi wa Mansa, ba ta taɓa bari kashi ɗaya ya wuce ta ba.

To, ga inda gizo yake saƙar. Dufie tana da saurayi, Bempa, makaniki ne a Suame, yaro mai hankali wanda ya san komai. Abin ya taɓa kama ta a gabansa, bai gudu ba, washegari ma da ayaba ya dawo. Mahaifiyarsa ce ba ta sani ba. Maame Konadu mai atamfa a Adum, mace mai jiki da murya, wadda duk Kumasi ba wanda ya kai ta son Mansa. Kusan kullum sai ta kira tashar, har mai gabatarwa ya haddace muryarta. Ranar da aka fara haɗa mu na gaishe ta, tsalle ta yi ta koma bayan ɗanta, ta ce ashe gidan Madam zai kai ta. Daga ranar ba ta sake kirana Pomaa ba.

An riga an sa ranar da danginsu za su zo ƙwanƙwasa ƙofa, wato neman aure. Kafin wannan kuwa kowa ya san sai an aika mutane sun binciki gidan su yarinya: akwai hauka, akwai kuturta, akwai sata, akwai farfaɗiya? Masu binciken Maame sun zagaya Kwadaso sun koma da labari mai daɗi, don ba mu daɗe da tarewa a unguwar ba, kuma ni ba na shanya kayana a waje. Ni a ganina an wuce wurin. A ɗaura aure, a haifi ɗa ɗaya ko biyu, in ya so daga baya kowa ya san abin da zai sani. Na ga yadda ake ware wa mai ciwon nan kwanonsa da kofinsa. Na ga yadda mutane suke darewa in ya faɗi, wai kada yawunsa ya taɓa su. Ban haifi Dufie don a yi mata haka ba.

Ita kuwa ta kafe sai ta faɗa. Ranar Juma'ar da abin ya faru, da faɗa muka karya kumallo. Na ce mata taurin kan ubanta ne ya motsa, ta ce ita ba za ta shiga gidan mutane da ƙarya a jaka ba. Na ce to ta je ta faɗa, in sun fasa sai ta auri keken ɗinkinta. Tana ɗaura ɗankwali ta juyo ta dube ni.

"Mama, ke kullum da bakinki kike cewa jiri a talabijin, kuma kin san ba jiri ba ne. Ni ma so kike ki ɗora mini murya?"

Na fita ina huci, ko sallama ban yi mata ba.

A wurin aiki na tarar da wuta a kan kowa. Rashin lantarki ya sa mun makara, kashin da za a nuna da yamma shi ne muke naɗa da safe. Mai gida kuma ya tafi ƙauyensu jana'izar kawunsa, ya bar Nimo, dattijon da ke riƙe da na'urorin, mutumin da bai iya dariya ba. Kashin kuwa shi ne wanda gari yake jira: ranar baiko, baƙi sun cika zaure, Madam ta gano sirrin Mansa, ta miƙe da kofi a hannu za ta tona mata asiri.

A aikinmu ba ma'ana kaɗai ake bi ba, sai maganarka ta zauna a leɓen mai wasan. In ta buɗe baki ka buɗe, in ta rufe ka rufe, in ba haka ba sai a ga mace tana tauna iska. Matar nan ta Koriya ta cika baki ta jefo wata kalma mai nauyi, kuma kyamara tana kan leɓenta. Na ce jiri, na gama, bakinta yana nan yana motsi. Nimo ya ce a sake. Na ja shi, jiiiri, sai ya fito kamar ina kiran akuya. Na ce ciwon jiri, ya yi tsawo. Na ce suma, leɓen bai yarda ba. Gumi yana bin bayana, Nimo yana nuna mini agogo, maganar Dufie kuma tana ta yawo a kaina. Da aka sake dawo da hoton, ban san lokacin da na ɗaga murya na faɗi kalmar ba, da duk haushin da na fito da shi daga gida.

Ta zauna daram. Kai ka rantse matar nan a unguwar Bantama aka haife ta.

Nimo ya cire abin kunnensa a hankali ya ajiye. Na ce ya goge. Ya ce shekarunsa nawa a aikin nan bai taɓa ganin kalma ta shiga baki haka ba, kuma ba shi da lokacin da zai ɓata. Na yi masa magiya, na yi masa barazana da mai gida, har ubansa na ambata. Ya ce mai gida yana can yana rawa da baƙin zane, in ya dawo ya kore mu gaba ɗaya. Sai bayan na fito ƙofa na tuna cewa Maame Konadu ta gayyace mu kallon baikon Mansa a gidanta, ni da Dufie.

Gidan ya cika maƙil. An fito da talabijin baranda, an jera benci, mata 'yan kasuwar Adum sun zo da kujerunsu, ana ta zagayawa da soyayyar ayaba da gyaɗa. Wasu har farin zane suka ɗaura don murna. Maame ta zaunar da Dufie a gefenta, ni kuma ta ce in koma can ƙarshe inda takalmi ba zai same ni ba in rai ya ɓaci. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, na je can ƙarshen na zauna.

Aka fara. Mansa ta fito cikin fararen kaya, baranda ta ɗauki guɗa. Ɗan Madam ya riƙe hannunta, wata tsohuwa ta ce Allah ya sa a gama lafiya. Sai Madam ta miƙe. Na sunkuyar da kai, na ji muryata ta fito daga akwatin nan ta cika tsakar gida: yarinyar nan da kuke gani, farfaɗiya take da ita.

Wallahi har kukan sauro sai da na ji. Daga nan wuri ya kece. Wata ta ce ƙarya ne, sharrin Madam ne, ai jiri ne tun farko. Wata ta tofar da yawu gefe. Ta kusa da ni ta ja kujerarta baya kamar ciwon zai fito ta gilashi. Ana cikin haka Mansa ta faɗi, kuma wannan karon mutanen Koriya ba su yi mata ado ba, jikinta ya sandare ya hau kakkarwa. Mata suka miƙe tsaye suna ihu a kawo cokali a sa mata a baki, wasu suna yi wa saurayin tsawa ya matsa kada yawu ya taɓa shi. Yaron bai ji Twi ba. Ya ture tebur, ya cire kwat ɗinsa ya tura ƙarƙashin kanta, ya juya ta gefe, ya hana kowa danne ta. Da ta lafa ya sa hannunsa tsirara ya share mata baki. Baranda ta yi wani irin nishi gaba ɗaya.

Na saci kallon Dufie. Yau ba ta dariya. Idonta yana kan hannun yaron.

Da aka buɗe waya, tashar ta kusa kamawa da wuta. Wani ya kira ya ce an yaudari jama'a. Wata malamar asibiti ta kira ta ce ba a ɗaukar ciwon ta yawu ko ta kwano, kuma cokalin nan haƙora kawai yake karyawa. Wani mutum daga Tafo ya fara magana a kan ƙaninsa da aka ware wa ɗaki a bayan gida, kuka ya hana shi ƙarasawa. Maame Konadu kuwa tana ta danna waya tana zagin layi, har Allah ya sa ta shiga. Muna jin muryarta a gabanmu, muna jin ta a talabijin. Ta wanke Madam tas, ta ce mace mara tsoron Allah, mara tausayi, wadda kuɗi ya toshe wa zuciya, tana faɗa tana nuna ni da yatsa mata suna tafi. Ta ce ko farfaɗiya ce ko uwar farfaɗiya, Mansa Mansa ce. Ta ce ita Konadu ta Adum, da ɗanta zai kawo mata yarinya irin wannan, goya ta za ta yi ta zagaya Kejetia da ita. Ta kashe waya tana haki, aka yi mata guɗa kamar ta ci zaɓe.

Na ga Dufie ta gyara zama. Na yi mata ido, na girgiza kai, na yi tari, duk a banza. Ta durƙusa a gaban matar, kuma ba ta rage murya ba.

"Maame, ni ma ita ce da ni. Tun ina yarinya. Bempa ya sani, ina shan magani. Kuma tawa ba irin ta talabijin ba ce, ba kiɗa, ba kyau. Wani lokaci har fitsari nake yi. Na ce gara ki ji daga bakina kafin ku zo."

Hannun Maame yana kan kafaɗar Dufie tun farkon wasan. Ina kallo ta ɗauke shi a hankali ta ɗora a cinyarta. Ta dubi Bempa, ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya ne. Ta tashi ta kashe talabijin ana tsakiyar tattaunawa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta shige ɗaki. Mata suka fara kwashe kujeru ba mai kallon wani. Matar da ta miƙa wa Dufie gyaɗa ɗazu na gan ta tana goge hannu a zane.

A hanya na yi niyyar in yi mata tatas, amma da na ga fuskarta sai na kasa. Na ji tsoro, na ji haushi, kuma can ƙasa na ji alfahari da ita, sai dai wannan ban gaya mata ba.

Mai gida ya dawo daga jana'iza da niyyar kora, ya tarar masu talla suna layi a ƙofarsa, sai ya hau gaya wa kowa cewa dama shi ya tsara. A torotoro, a coci, a wurin aski, ba zancen da ake sai na Mansa, rabi na cewa a yi auren, rabi na cewa yaron ya yi hattara. Murya ɗaya ce ta ɓace. Maame Konadu ba ta sake kira ba, har mai gabatarwa ya yi cigiyarta a iska. Bempa yana zuwa kullum da man inji a hannu, ya ce ko shi uwar ba ta yi wa magana, kawunsa kuma ya ce a dakata. Dufie ta ci gaba da ɗinka rigar da za ta sa, ni kuma in na ji ƙarar keken sai in fita waje.

Ranar da aka sa, na tashi da sassafe na share gida na jera kujeru, ina yi ina faɗa wa kaina wauta nake yi. Yayana ya zo ya zauna don ya karɓi baƙi, muna ta kallon ƙofa. Rana ta fara zafi, har ya fara maganar tafiya, sai muka ji mota ta tsaya. Kawun Bempa ne a gaba da zanensa a kafaɗa, fuska ba annuri, wasu maza biyu ɗauke da kwalaben giya, sai Maame a baya. Ta rame.

Baƙo ba a tambayarsa abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa. Dufie ta fito da tire ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Kawun ya karɓi kofi, ya dube shi, ya ajiye a ƙasa kusa da ƙafarsa. Sauran mazan suka yi yadda ya yi. Saura kaɗan Madam ta gaske ta fito, yayana ya taka mini ƙafa. Da Dufie ta iso gaban Maame, matar ba ta miƙa hannu ba. Ta ce Dufie ta fara sha.

Dufie ta dube ni, sannan ta ɗauki kofin ta kurɓa. Maame ta karɓa, ta juya shi a hannunta har ta samo daidai inda leɓen yarinyar ya taɓa.

"Na je asibiti na tambaya," in ji ta. "Sun ce ba a ɗauka. Kunnena ya ji, cikina ne bai ji ba tukuna."

Ta rufe ido ta shanye shi tas. Ta miƙa wa Dufie kofin, ta riƙe mata hannu ba ta saki ba, sannan ta juya ta zuba wa ɗan'uwanta ido. Ba ta ɗauke ba har sai da ya sunkuya ya ɗauki nasa kofin daga ƙasa.

"Madam," ta ce da ni, "mun sha ruwa. Ba za a tambaye mu abin da ya kawo mu ba ne?"

Na buɗe baki. Muryar nan da duk Kumasi ta sani ta ƙi fitowa, sai yayana ne ya yi tambayar.